Kujeru Goma Sha Uku, Mu Goma Sha Huɗu

Ranar wata Laraba ce a farkon sanyi, ina aji shida na firamare, na dawo daga makaranta da yunwa na tarar da matakalar gidanmu a toshe. Wani ƙaton ƙunshin tamfol ruwan ƙasa ne ya maƙale a kwanar hawa na biyu. Baba yana sama yana ja, mai gadin benen yana ƙasa yana turawa da kafaɗa, kowa yana ba ɗan'uwansa umarni, babu mai sauraron wani. Warin akuya da tsohuwar ƙura ya cika wurin. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta bayan ƙofa ta tambaya cikin sanyin murya ko rasuwa aka yi mana, domin ita a saninta ba a kawo irin wannan kaya sai gidan makoki. Baba ya goge gumi da hannun rigarsa ya ce, "La, la, haima ce, tanti. Kashta za mu je da yara." Na tsaya da jakar makaranta a bayana, na nemi yunwar da na zo da ita na rasa.

Kashta ita ce fita daji da mutanen ƙasar nan suke yi idan sanyi ya shigo. A ɗauki tanti da nama da itace, a nemi wani kwari tsakanin duwatsu, a kwana ɗaya ko biyu a dawo. Duk farkon mako, lokacin tara, 'yan ajinmu sai su jeru a gindin katangar makaranta suna ba da labari da baki cike da burodi, wannan babanta ya koya mata hura wuta, waccan ta ga dila da idonta. Ni kuwa labarina bai taɓa canzawa ba: mun je suna a unguwar Ranuna, mun ci tuwo, mun dawo. Mu Hausawan Madina, ko dai in ce na gidanmu don kada in ɗauki alhakin wasu, ba mu san fita don nishaɗi kawai ba. Idan ka ga mun haɗa kaya, to biki ne, ko gaisuwa, ko Umra. Saboda haka ranar da tantin nan ya shigo gidanmu na unguwar Sultana, ji na yi kamar ni ma an sa sunana cikin mutane.

Amma ba dila ce ta dame ni ba, Baba ne. Direban babbar mota ne mai ɗaukar alhazai tsakanin Madina da Makka, kuma rabin yarintata a hanya ya yi ta. Idan ya dawo barci yake yi, mu kuma a hana mu ko tari. Idan ya farka, Faisal ƙanena ya haye wuyansa, Ruƙayya autarmu ta zauna a cinyarsa tana wasa da gemunsa, ni kuwa in kawo shayi in ajiye in koma. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu wannan wani laifi ne da ban san ranar da na aikata shi ba. Sunana Asiya, amma ban taɓa jin sa a bakin Baba ba. "Ke" yake ce mini, idan kuma ba na kusa ya ce a kira masa "waccan". Umma ma haka, sai dai ta ce wa ƙannena "yayarku". Maƙwabta Larabawa suka ƙara mini da nasu, suna kiransa Abu Faisal, suka tsallake ni kamar an tsallake kwata. An sha gaya mini cewa kunyar ɗan fari ce, haka iyaye suke yi tun can ƙasar kakanni. Ni da aka haifa a nan, nake ganin baban ƙawata Nuf yana jiranta a ƙofar makaranta yana ƙwala mata kira, wannan bayani bai taɓa shiga kaina ba. Sai na ƙudura a raina cewa kwana ɗaya a daji, mu biyar kacal, babu baƙo babu alhaji, dole mutumin nan ya dube ni.

Don haka na ɗauki shirin tafiyar na ɗora wa kaina, ba tare da kowa ya sa ni ba. A kasuwar gwanjo Baba ya samo tantin, babu takardar bayani, sai tarin ƙarafa masu kama da juna da buhun turaku. Sau uku muka kafa shi a saman bene, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya, inda muke wasan 'yar carafke da ƙwallon dabino muna hango dutsen Uhudu. Karon farko ya rufto a kan Ruƙayya, muka tono ta tana ihu. Karo na biyu ya tsaya, amma ƙofarsa ta kalli bango. Kafin na uku sai na ɗauko fentin zanena na makaranta, na shafa wa ƙarafan tsaye ja, na kwance shuɗi, duk bakin da zai shiga wani na ɗiga musu ɗigo iri ɗaya, har makaho da ɗan jagora zai iya haɗa su. Na yagi tsakiyar littafin lissafina, na tsare Nuf kwana uku ina yi mata tambayoyi kamar mai binciken sata, na rubuta duk abin da ake buƙata: ashana, gawayi, fitila, buta, barguna, jarkokin ruwa, igiya, guduma ta buga turaku. A waɗannan yammacin Baba yakan ce, "Ke, riƙe nan," ko "Ke, ja can," ni kuwa in riƙe har hannuna ya yi ja ina jin daɗi.

Kaka, mahaifiyar Baba, tare muke zaune da ita, kuma tun ranar farko ta yanke wa tafiyar hukunci. Tana ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka yi shekaru a Sudan kafin su tsallako teku. Ta hau saman benen sau ɗaya da sandarta, ta zagaya tantin, ta shinshina shi, ta ce, "Shekara da shekaru muna kwana a ƙasa muna roƙon Allah ya ba mu rufi. Ya ba mu. Yanzu ku za ku bar rufin ku tafi neman ƙasa." Ta ce ita ko da kuɗi ba za ta je ba, a bar mata gidanta ta huta da mu. Umma kuwa ta yarda za ta je, amma da sharaɗin da ba ta faɗa ba, wato kicin ɗinta zai bi ta. Kwana ɗaya za mu yi, ta fito da tukunyar tuwo, da muciya, da kuka, da daddawa, da ƙaramin turmi, da katifa uku. In soke abu a takardata da safe, in dawo daga makaranta in tarar da shi zaune a cikin kaya yana kallona. Na ce mata mutane nama kawai suke gasawa a kashta. Ta ce mutanen ba 'ya'yanta ba ne.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar masifar daga sallama ta fito. Baba ya tara mu ya ce da babbar murya, "Mu kaɗai za mu je. Kada kowa ya ji." Umma ta ce to. Kuma na tabbata har zuciyarta ta ce to ɗin, domin a wurinta yin sallama da manya ba ya cikin abin da ake kira gaya wa mutane. Mutum ba ya kwana a wajen gari bai sallami na gaba da shi ba, idan wani abu ya faru a hanya da wane ido za a kalli dangi? Saura kwana huɗu ta sa abayarta ta ce in raka ta Ranuna gidan Gwaggo Zulai, ƙanwar kakanmu, wadda ko Baba ba ya zama a kujera idan tana ɗakin. Tun daga Sultana har muka wuce Ƙuba ina roƙonta, har da rantsuwa cewa zan yi wanke-wanken wata guda ba gardama. Ta ce gaisuwa kawai za mu yi. Abin da ni na sani ita kuma ta ƙi sani shi ne, a danginmu wanda ka yi wa sallama ba ya barin ka ka tafi hannu biyu. Ko ya ba ka guzuri, ko ya ba ka yaro. Gwaggo Zulai ta ba mu dambun nama cike da kwano, ta ba mu jikokinta uku su ga waje, sannan da muka miƙe za mu tafi ta ce ita ma likita ya ce ta riƙa shan iska.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Kawu Idi, ƙanen Umma mai garejin gyaran mota a bayan layinmu, yana zaune a falo ya haɗe rai, wai a bakin mutanen Ranuna zai ji yayarsa za ta yi tafiya. Ba a rabu ba sai da aka sa shi da matarsa da 'ya'yansa biyu, ya kuma yi alkawarin kawo motarsa mai buɗaɗɗen baya ta ɗauki kaya. Da Baba ya dawo aka gaya masa, sai ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon fanka. Ni na shiga banɗaki na yi kukana na fito, na ɗauko takarda na sake shiri. Akwai abu ɗaya da Baba ba ya wasa da shi. Ya ga abin da ya gani a kan hanya tsawon shekarun tuƙinsa, don haka a motarsa kowane mutum da kujerarsa, ba a goya wani a cinya, ba a cusa yaro a bayan kaya, ko da sarkin garin ne ya roƙa. Motarsa tana da kujeru takwas har da na direba, ta Kawu biyar. Na ƙirga mu: mu biyar, gidan Kawu huɗu, Gwaggo da jikokinta huɗu. Goma sha uku cif. Na zana motocin biyu a takarda na rubuta sunan kowa a mazauninsa, na sa kaina daidai bayan Baba, inda zan riƙa ganin idonsa a madubi.

Ranar Alhamis da hantsi muka gama loda kaya. Ni na tsaya a bakin mota da takardata ina soke abu ɗaya bayan ɗaya, kuma da hannuna na tura gudumar ƙarƙashin kujerar Baba don kada ta ɓace cikin tarkacen Umma. Sai ga tasi ta tsaya. Gwaggo Zulai ta fito da kyar, jikokinta uku suka biyo ta, sannan wata yarinya sa'ata ta fito a bayansu da ɗan mayafi ruwan goro, tana sunkuyar da kai. Hindatu sunanta, jikar wata aminiyar Gwaggo ce, sun zo Umra daga Kano sun sauka a gidanta. "Baƙuwa ce," in ji Gwaggo, "ba zan bar ta ta zauna tana kallon bango ba." Na duba takardata, na duba yarinyar, na sake duba takardar, kamar wata kujera za ta tsiro a ciki.

Kawu Idi ya ce, "Ya shaikh, a matsa mana, yara ne. Yalla, rana tana yi." Baba ya ce kujeru goma sha uku ne. Kawu ya ce Faisal ya zauna a kan katifu a baya, ai daɗi ma zai ji. Baba ya sake cewa kujeru goma sha uku ne. Daga nan na ga kowa yana yin lissafin da ni ma na iya a zuciyarsa. Ba a sauke baƙuwa. Ba a sauke jikan Gwaggo a gaban Gwaggo. Ba a sauke ɗan Kawu bayan ya kawo motarsa. Saura 'ya'yan gida. Ruƙayya ƙarama ce, Faisal kuwa tuni ya shige ya rungume kujera da hannu biyu. Na zuba wa Baba ido. Kalma ɗaya nake jira, ya ce wannan ita ta shirya komai, ita ta san kan tantin, ba za a bar ta ba. Amma uba ya tsaya wa 'yarsa ta fari a gaban gwaggonsa da surukinsa? Sai ya durƙusa yana duba tayar da ya riga ya duba sau biyu. Umma ce ta yi maganar, tana gyara bakin wani buhu, ba ta dube ni ba: "Yayarku za ta zauna da Kaka, ai ita babba ce." Gwaggo ta dafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka, 'yar hankali. Ban taɓa jin albarkar da ta yi mini zafi kamar wannan ba. Na cusa wa Faisal takardar a ƙirji, na hau matakala, ban tsaya ganin tashinsu ba.

Na tarar da Kaka a falo ta miƙe ƙafa tana jan carbi, ko mamaki ba ta yi ba. Na shige ɗaki na buga ƙofa, na fito na sake bugawa don ban gamsu da ƙarar farko ba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta kira ni da sunana, don ita kaɗai ce mai kiran sa a gidan, ta zube mini wake a faifai ta ce in tsince. Na zauna ina tsinta ina zuba mata magana da Larabci, domin idan ina son rashin kunya Larabci ya fi zo mini a baki, ita kuma tana ba ni amsa da Hausa a natse. Na ce ni na shafa fentin, ni na rubuta takardar, ni na ɗauki jarkokin ruwa hawa uku. Na ce da Faisal ne ya yi rabin wannan da an yanka masa rago. Daga ƙarshe na faɗi abin da ya daɗe a maƙogwarona, na ce mutumin da ba ya iya kiran sunan 'yarsa, ba son ta yake yi ba. Kaka ta ce, "Ni ma shi ne na farina. Shekara arba'in da ɗoriya ban kira sunansa ba, ga shi nan da ƙafafunsa." Sai a lokacin na lura cewa kullum "mai mota" take ce masa. Na ce mata wannan ba amsa ba ce. Ta ce in kula, na bar tsakuwa a cikin waken.

Mun idar da sallar azahar ke nan na ji makulli a ƙofa. Baba ne, ƙura har gira, shi kaɗai. Na ɗauka wani abu ya faru a hanya. Ya gaishe da Kaka ya ce lafiya lau aka sauka, sai dai an manta guduma. Ya wuce ni kamar ba ya ganina, ya shiga kicin yana jan durowa, ya leƙa bayan firiji, ya ɗaga labule. Na buɗe baki zan ce tana ƙarƙashin kujerarka, da hannuna na sa ta, sai Kaka ta ɗora sandarta a kan yatsun ƙafata ta danna. Can ya fito da wata 'yar hamar buga ƙusa mai karyayyen kai, wadda ko ƙwai ba za ta fasa da daɗi ba. Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana gyara takalmi, ya ce wa Kaka, "Iya, ko za a ba ni waccan ta riƙe mini a hanya?" Kaka ta ce, "Ɗauke ta. Tun safe ta ishe ni da kumburi."

A kujerar gaba na zauna, wadda ban taɓa zama a cikinta ba, da 'yar hamar a cinyata. Muka fita daga Madina muka kama hanyar Badar, baƙaƙen duwatsu dama da hagu, da itatuwan ƙaya, da raƙuma nan da can suna tauna ba su damu da kowa ba. Tafiyar fiye da awa ɗaya ce. Har yanzu ina fushi, na juya fuska ga taga, na ƙudura ba zan yi magana ba sai ya faɗi gaskiyar abin da ya dawo da shi. Shi kuma ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon hanya kamar yana ɗauke da alhazai hamsin. Abin da ya fi ba ni haushi, duk lokacin da ya taka birki sai gudumar ta zamo daga ƙarƙashin kujerarsa ta bugi ƙarfe, ƙwal. Ina ji, yana ji. Sai ya sa dunduniya ya mayar da ita a hankali, fuskarsa ko motsi. Ta fito ya kai sau goma, ya mayar da ita sau goma. A wani ɗan shago a gefen hanya ya tsaya ya sayo shayi mai na'ana'a kofi biyu da ɗan dabino a leda, ya miƙo mini ya ce, "Kina jin yunwa?" Na girgiza kai, sannan na cinye dabinon duka. Da muka kusa, ya yi gyaran murya, na ce to ga ta nan, yau zan ji. Sai ya ce, "Fentin nan da aka shafa wa ƙarafa ya yi amfani." Da aka shafa! Kamar aljanu ne suka shafa shi. Iyakar maganarmu ke nan a hanyar.

Da muka gangara kwarin, ga tantin can a tsaye ƙyam, igiyoyi a miƙe, kowane turke an buga shi har wuya, ƙofarsa tana kallon inda ya kamata. Babu wanda ya tambayi hamar da ke hannuna. Kashtar da na yi mako biyu ina mafarki kuwa, ga yadda na same ta: Gwaggo Zulai ta shimfiɗa katifu ukun a cikin tantin ta kwanta a tsakiya tana ba da umarni, yara bakwai suna faɗa a kan fitila ɗaya, Kawu yana fama da gawayin da ya ƙi kamawa yana zagin wanda ya sayar da shi, Umma ta kewaye murhu da barguna tana tuƙa tuwo iska tana zuba mata yashi a miya. Ta ɗago ta gan ni ta ce, "An zo? Ga kwanuka can." Na wanke kwanukan mutum goma sha uku da buta. Sai da na gama na ga wani kwano a rufe a bayan jarka, an ɗora masa dutse, da tsokoki huɗu a ciki waɗanda babu yaron da aka bari ya taɓa. Umma ma ba ta ce nawa ne ba. Hindatu, wadda na yi niyyar tsana har abada, ta zo ta taya ni ɗauraya, ta kuma cinye ni a 'yar carafke sau biyar da duwatsun kwarin, tana dariya mai daɗi da ta hana ni riƙe ta a zuciya. Ban ga dila ba. Mata da yara muka cushe a tantin kamar kifin gwangwani, maza suka kwana a mota.

Washegari bayan Juma'ar da maza suka je suka yi a wani ƙauye, lissafin jiya ya dawo, domin har yanzu mu goma sha huɗu ne. Kawu Idi ya roƙa, ya yi rantsuwa, ya ce wannan taurin kai ne ba tsoron Allah ba. Baba ya ce kujeru goma sha uku ne. Ya kwashi mutum bakwai ya kai Madina, gidan Kawu suka zauna jira da ni da Faisal, Kawu yana shan shayi yana mita, sannan Baba ya dawo ya ɗauki ragowar mutum ɗaya. Ba sai na faɗi ko wace ce ragowar ba, kuma wannan karon ban buga ƙofar kowa ba. Daga baya na zauna na ƙirga. Mutumin da tuƙi ne sana'arsa, ya samu hutun kwana biyu da kyar, ya bi hanyar nan sau shida. Tantin kuwa aka naɗe shi aka jefa a kan tankin ruwa, ba mu sake zuwa kashta ba har na yi aure.

Yanzu ina da 'ya'ya uku, kuma duk sanyi muna fita. Tantinmu ba shi da nauyi, jefa shi kawai ake yi ya buɗe da kansa. Ba na yi wa kowa sallama, sai mun sauka nake tura hoto ga dangi, su turo addu'a, shi ke nan. Babu mai ba mu yaro, babu mai biyo mu, wuri har ya yi mana yawa. 'Yata ta fari kuwa ina kiran sunanta ya fi sau ashirin a yini, ina gaya mata ina son ta a gaban kowa, ita kuma ta ce "tayyib ya Mama" wato "to Mama", idonta a kan waya. Na rantse ba zan yi wa 'yata abin da aka yi mini ba, kuma ban yi ba, ban kuma yi nadama ba. Baba ya rasu shekarun baya, har ya koma ga Allah bai kira sunana ba ko sau ɗaya, kuma idan na tuna har yau sai na ji haushin ya taso mini sabo. Amma da za a sake ƙirga kujerun nan yau, da kaina zan sauka in jira.